Layi Uku

Laraba da dare, Madina.

Yau malamar Japananci ta kama ni. Ina nuna mata ta waya yadda nake rubuta alamar "dutse" mai layi uku, sai ta ce daga dama nake jan layin. To hannun da ya tashi da Larabci fa? Saura kwana tara jarrabawa, kuma mutum ɗaya kamfaninmu zai tura Japan.

Bayan la'asar na zauna ina kallon dutsen Uhudu ta taga, ina ja daga hagu, ina maimaita yadda ake karanta alamar: "yama" in ita kaɗai ce, "san" in ta haɗu da wata. Uwargida ta leƙo: "Baban Hanan, sabuwar hadda ce?"

Na ce mata wanda ya haddace izu sittin, layi uku ba za su kayar da shi ba.