Babban Yatsana Bai Yi Ritaya Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Na ji kuna cewa in tattaro in dawo gida saboda yatsan nan. Ba inda zan je. Tun da aka ɗinke mini jijiyar nake zuwa wurin masu gashin ƙashi. Sai su rufe mini ido, su lanƙwasa babban yatsan, su miƙar, su ce in mayar da shi inda yake, su auna. Wani ya auna ya ce na warke. Washegari wani daban ya auna ya ce kada in taɓa almakashi. Mai shagon askinmu kuwa maganar na biyun ya riƙe.

Na koma na ce, "Yatsa ɗaya ne, ku haɗu ku auna tare." Sun yarda, sai Litinin.

Gaskiya maɓallin riga yana ba ni wahala, kada Inna ta ji. Amma jiya na yi wa maƙwabcina aski, kuma kunnuwansa biyu suna nan.

Ku sa ni a addu'a. Kujerar askina ba mai gadonta ina raye.

Ƙaninki,
Auta