Kwanona Daban

Daren Litinin, Bagudo

Yau na koma makaranta, karon farko tun da aka cire mani nono. Da aka tashi tara, malamai mata suka kewaye farantin dambu kamar yadda muka saba. Na wanke hannu zan sa, sai Malama Hadiza ta miƙo mani wani kwano daban.

"Yaya Balki, ga naki, ki ci a natse."

A natse! Wai ciwon daji a dambu ake ɗaukarsa? Na ci dai, don yunwa nake ji. Da zan fita na gan ta ta sa leda a hannu ta ɗauke kwanon. Hadizar da na yi wa wankan jego!

Gobe cikin farantin nan zan sa hannu. Wadda ba ta iya ci ta tashi.