Rubutu a Tsakanin Layuka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Camberwell lafiya lau, sai ruwan sama.

Ranar Asabar na raka 'yata Hanifa kallon tsofaffin littattafai, aikin makarantarsu. Muka ga Zabura ta Kiristocin zamanin da, da Latin, harshen da talakawansu ba sa ji. A tsakanin layukan wani ya bi ya rubuta ma'anar da Turancin gida, ƙanana-ƙanana. Yaya, sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Haka yake bin Larabci da ajami a littattafansa.

Da na gaya wa Hanifa, sai ta amsa da Turanci kamar kullum, wai ita Hausar ma sai an fassara mata. 

Don Allah kada ka kai littattafan Baba duka masallaci, aiko mini da guda. Zan zauna da ita mu sa Turanci ƙarƙashin Hausar Baba. Na tuna yakan bar fili tsakanin layuka.

A gaishe da Inna, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Bilki