Sunan Na'ibi a Kan Zanen Baturiya

Zuwa ga Malam Ubale, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, abu ya fi ƙarfina. Ni ne Alhaji Usuman, babban attajirin unguwar Kurayyat a birnin Jidda, mai rumbunan shinkafa da motocin haya, wanda in ya yi tari sai an miƙe tsaye. Ba maganar kaina na kawo ba. Wani yaro ne a unguwar Ruwais, Husaini, marar jin magana, ya jawo abin da ya hana ni cin abinci.

Kawunsa Hamad kuku ne a gidan wasu Turawan Ingila. Matar gidan, Madam Hilda, takan zauna a tsohon gari tana zana dogayen gidajen nan da suka zube bayan ruwan sama, da wani launi da ake jiƙawa da ruwa. Da za su koma ƙasarsu ta ba Hamad zane ɗaya. Gida ne rabinsa ya faɗi, tagogin katako na reto, can sama kana hango cikin wani ɗaki mai shuɗin bango, har da gurbin ajiye fitila.

To akwai Na'ibi direba, mutum shiru-shiru, ko layi a ƙasa bai iya ja daidai ba. Abin da ya ba yaron sha'awa ke nan. Ya ɗauko alƙalami da tawadar allo ya rubuta "aikin Na'ibi" da ajami a kusurwar ƙasa, a kan wani ɗan zanen fensir da ya zaci ciyawa ce. Ashe sunan Baturiyar ne. Allo kawai yaron ya yi, bai san boko ba. Ya kai zanen gahawa, wato shagon shayin da direbobi ke zama, ya rataye. An yi ta dariya, kowa sai ya ce wa Na'ibi maza ya zana shi, amma ya rage masa tumbi. Shi dai murmushi yake yi.

Malam, ashe gidan na mahaifin Shaihu Mahmud ne, kafilin Na'ibi, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Ɗakin nan mai shuɗin bango, a ciki mahaifiyar Shaihu ta rasu. Wani ya kai masa labari cewa direbansa ya zana ɗakin matan gidansu ya rataye a gahawa, maza na shan shayi suna nunawa da yatsa. Da na ji, wato da yaron ya ji, sai ya ce ai da sauƙi, tawada ce, a wanke kamar allo. Ya jiƙa yatsa ya goga. Sunan bai gama fita ba, ƙasar zanen ta fara narkewa, ya janye hannu. Shaihu ya aiko aka ɗauke zanen, ya ga shafen, ya ce Na'ibi ya so ɓoye laifinsa ne. Ya karɓe makullin mota, ya ce halas, an gama, in iƙamar Na'ibi, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare a Rajab ba zai sabunta ba. Matar Na'ibi, Larai, da 'ya'yansa duk a nan aka haife su, ba su san kowa a Kano ba.

Yaron ya je ƙofar Shaihu ya ce shi ya yi. Mai gadi ya yi dariya ya kore shi, don ya san shi, yaron ne ya taɓa aika shi tashar jirgin ruwa taryen baƙon da babu shi. Kowa cewa yake sabon wasa ne, ko yana so ya rufa wa Na'ibi asiri. Hamad kuwa tsoron tasa iƙamar yake, ya ƙi fitowa ya ba da shaida. Abin da ya fi ci mini rai, Na'ibi bai zage ni ba. Jiya ma da muka haɗu shi ya fara gaishe ni.

Ka ga na sake cewa "ni". To ba wani Alhaji Usuman, ba rumbu, ko keke ba ni da shi. Na ji tsoron in na sa sunana kai ma ka yi dariya ka yar da takardar. Ni ne Husainin.

AMSA

Wa alaikumus salam, Husaini. Tun daga tarin da ake miƙe masa tsaye na san ba attajiri ba ne, kuma ban yi dariya ba. Takardarka ta ajami ta zo ta hannun alhazai, mun mayar da ita boko. Ina fata amsar ta riske ka da sauran lokaci kafin Rajab.

Ba ka yi nufin cuta ba, na yarda. Amma shi ma Shaihu Mahmud kada ka ɗauke shi azzalumi kawai. Mutum ya ga ɗakin da uwarsa ta cika an rataye a gahawa, dole zuciyarsa ta tafasa. Kuskurensa shi ne ya yanke hukunci bai bincika ba.

Ka fara da gidan Na'ibi. Ka roƙe shi gafara a gaban Larai, ba tare da wasa ko ɗaya ba. Daga nan ka tafi wurin limamin unguwarku ko wani dattijo da Shaihu ke jin nauyinsa, don maganarka kai kaɗai ta riga ta yi arha. Shi dattijon ya lallashi Hamad. Kawunka bai yi laifin komai ba, kyauta aka ba shi, kuma shi ne ya ga Baturiyar da idonsa tana irin wannan aiki.

Ranar da za ku je, ka riƙe alƙalaminka da tawadarka. Ka rubuta "aikin Na'ibi" a gaban Shaihu, a ajiye kusa da na jikin zanen. Hannu ba ya ɓuya. Sa'an nan a karkata takardar a hasken rana. Fensir yakan yi ƙyalli ko a ƙarƙashin tawada, mai karanta rubutun Turawa zai iya fitar da abin da ya rage na sunanta. Kada kowa ya ƙara kai ruwa kusa da ita. In Madam Hilda ta bar wa Hamad adireshi, a rubuta mata. Zanen kuma Hamad ya bar wa Shaihu, ɗakin mahaifiyarsa ne.

Ba na yi maka alkawarin zai sauko ba. Yana iya juyo da fushin kanka, ka shirya ɗauka, don naka ne. Ko ya sauko ko bai sauko ba, ka koma gahawar nan ka faɗa da babbar murya wadda ta yi zanen da wanda ya ɓata shi.

Ga shi ka riga ka sa sunan Na'ibi a aikin Hilda, ka sa sunan Usuman a takardarka. Hannunka na da kyau, ɗana, ka riƙa sa naka. Allah ya sanyaya zuciyar Shaihu, ya bar Na'ibi da iyalinsa a inda suka sani.

Malam Ubale