Jemar Bakin Gota

Nima, 3 ga Mayu, 1986

Yaya Fatawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, labarin ba daɗi. Ka tuna ciyawar jema da marigayi Baba ya dasa bayan ɗakin Mma, a bakin babbar gota, magudanar ruwan unguwa? Wadda ka nome da ka zo hutu, wai macizai take tarawa, ka shuka irin furannin Turawan da kake yi wa aikin lambu? Ruwan farko ya kwashe furanninka har da ƙasar. Saura taku uku tsakanin bango da gota. Mma ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya cika. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Alima

Tamale, 14 ga Mayu

Alima,

Na sami takardarki, a gaida Mma. Shekara goma sha biyu ina lambu, ba ke za ki koya mini ƙasa ba. Ku jera buhunan yashi. Mma kuwa ki kai ta Maamobi wurin ƙanwarta.

Fatawu

Nima, 29 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Buhunanka ruwa ya kai su teku. Bango ya tsage, har hannuna na shiga, saura taku ɗaya. Wuri guda ne bai zaizaye ba, kusurwar da fartanyarka ba ta kai ba. Na tona, saiwar jemar ta fi hannuna tsawo. Ga guntunta cikin ambulan, malamin lambu. Mma kuma ta ce in na isa in ɗauke ta.

Alima

Tamale, 6 ga Yuni

Ƙanwata,

Na ga saiwar, na kasa cin abinci. Na ba Ziblim direban lori buhu biyu na jema. Ku dasa a jere, kusa-kusa. Amma sai ta shekara za ta riƙe ƙasa, don Allah ki fitar da Mma. Ki roƙar mini gafararta.

Yayanki,
Fatawu

Nima, 12 ga Yuni

Yaya,

Ɗakin ya faɗa gota jiya da hantsi. Mma tana raye. Abin da na kasa wata guda, jemarka ta yi, ta fitar da Mma daga ɗakin: lokacin da ya faɗa tana can kusurwa a duƙe tana dasawa, wai ni ban iya ba. Akwatin Baba da carbinsa sun bi ruwa. Ta ce ta yafe, amma ka taho da fartanyarka, saura buhu ɗaya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Alima