Nono Ɗaya Suka Sha

Jidda, 1998

Yaya Labbo,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna Kulu da mutanen Nahuce duka. Ni lafiya lau nake, ban da hannuwana da wankin gidan Larabawa ya cinye. Ni na rubuta wannan da kaina, kada ka ce wani ya ƙara gishiri.

Na ji shanun rugar Arɗo sun cinye geronmu, kun zauna a Bunguɗu ku maza zalla, kun ce sulhu ba zancen mata ba ne. Har ka ba ɗana Mannir adda ya nemo Juli, mai kiwon. Amanar da ƙanenka, uban Mannir, ya bar maka ke nan?

Da kun tambayi mace ɗaya, da kun ji. Shekarar da uwar Juli ta rasu, ni na shayar da shi tare da Mannir. Ɗan'uwansa ka tura shi ya sara.

Ku sa Inna Kulu gaba ku je rugar, matan can sun san ta. Ka faɗa wa Mannir, in ya taɓa Juli, ban yafe masa nonona ba.

Allah ya shirye ku.

Bara'atu