Tanti na Bakwai a Kan Hanyar Dorina

Zuwa ga Yayata Tisauke,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki a can Kitwe. Allah ya sauke ki lafiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, masararta ma ta kai ta har yanzu. Mu nan sansanin 'yan yawon buɗe ido muna nan, amma ban rubuto don in ce miki lafiya lau ba.

Sabon manajan da aka kawo mana daga Lusaka, mutumin da ko kashin giwa bai taɓa takawa ba, ya sa mun kafa tanti na bakwai a bakin kogin Luangwa, daidai kan hanyar da dorina ke bi ta koma ruwa da sassafe. Wai nan hoto ya fi kyau. Kin san wannan watan, kogi ya tsotse, dorinai sun cushe a ɗan kududdufi suna faɗa. Akwai wani babban namiji da suka kora, gefensa a tsage, ƙuda na binsa. Kwana uku ke nan ina ganin sawunsa jikin igiyar tantin.

Na yi magana, manaja ya yi dariya, ya kira ni farfesan wanke kwano, ya ce don na koyi karatu da littattafan da baƙi suka yar ba shi zai mai da ni masani ba. Na ce masa dorina ma ba ta yi makaranta ba, amma za ta karanta masa. Kawu Lekani mai girki ya ja ni gefe, ya ce bakina zai kore ni kafin damina.

Yaya, ba korata ce damuwata ba. Baba ne zai riƙa rako baƙi daga tantin nan da safe, kuma kunnensa na hagu ya mutu, yana ɓoyewa. Kogin yana hagunsa in zai dawo. Da na tuna masa, sai ya ce shekara talatin yana wannan daji tun ban iya ɗaura wando ba, in rufe masa baki. Yau na tsaya taku uku a hagunsa na kira shi sau biyu, ya ci gaba da goge bindigarsa.

Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki aika saƙo ofishinmu da ke garin Mfuwe su faɗa masa ta rediyo cewa haihuwa ta matso, kina son ganinsa. Baƙin ran Asabar za su iso. Idan bai tafi ba, ni zan bi hagunsa kowace safiya, ni da ko harbi ban iya ba.

Ki gaishe da maigidanki, da Gwaggo Misozi, da su Dalitso.

Ƙaninki,
Ganizani